Me ya sa rsync ke barin tsohuwar folda a uwar garke ta biyu bayan na goge ta a ta farko?

Auwal ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman wanda zai warware mini wani al'amari da ya ɗaure mini kai tun makon jiya. Ina kula da wani shafin intanet da ke zaune a kan uwar garke biyu: ta farko ita ce inda muke shirya shafuka mu duba su, ta biyu kuma ita ce wadda jama'a ke shiga. Kowane dare cron, manhajar da ke gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara mata, yana kwafe abin da ke ta farko zuwa ta biyu da wannan umarni na rsync, manhajar kwafe fayiloli tsakanin kwamfutoci:

`rsync -av --delete --exclude='cache/' --exclude='*.log' --exclude='uploads/' /var/www/shafi/ uwa2:/var/www/shafi/`

Na sa `--delete` ne domin duk abin da muka cire a ta farko ya ɓace a ta biyu. Ƙa'idojin warewa uku kuwa na sa su ne saboda uwar garke ta biyu tana da nata kayan da ba su shafi ta farko ba. Manhajar shafin tana ƙirƙirar foldar `cache` ta ajiyar wucin gadi a cikin kusan kowane sashe, tana rubuta fayilolin `.log` nan da can, masu amfani da shafin kuma suna ɗora takardunsu a foldar `uploads` da ke saman shafin.

Mun goge wani tsohon sashe mai suna `taro-2022` gaba ɗaya daga ta farko. Washegari na leƙa ta biyu, na tarar shafukan da hotunan da ke cikinsa duk sun tafi, amma foldar kanta tana nan daram, ba komai a cikinta sai `cache` da wani fayil guda mai suna `error.log`. A rahoton daren kuma na ga wannan layi:

`cannot delete non-empty directory: taro-2022`

Tun daga ranar, kowane dare sai layin ya sake fitowa. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya bi tsohon adireshin sashen yanzu yana samun 403 (an hana shiga), alhali 404 (ba a samu ba) ya kamata ya samu, domin sashen ba ya nan. Da a ce nuna jerin fayiloli a buɗe yake a Apache ɗinmu, manhajar da ke miƙa shafin ga masu shiga, da kowa zai iya buɗe wannan fayil na kurakurai ya karanta.

Akwai kuma abu na biyu da nake zargin tushensu ɗaya. Mun buɗe sabuwar folda `takardu/uploads/` a ta farko, muka zuba takardun da muke so jama'a su sauke, amma ko ɗaya bai ƙetara zuwa ta biyu ba, rsync kuma bai yi ƙorafin komai ba.

Na san zan iya shiga in goge `taro-2022` da hannu, amma muna da sassa da yawa da za mu rufe a bana, kuma ina so in fahimci dalilin kafin in taɓa umarnin da ke aiki a kan shafi mai rai.

Nasiru ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Auwal. Abin da ke faruwa shi ne rsync ba ya goge abin da ka ware, don haka foldar ba ta zama fanko ba, shi kuma ba zai cire folda mai kaya a ciki ba. Hanya mafi sauƙi da na sani ita ce ka ƙara `--delete-excluded` a umarninka, domin da shi rsync zai share har abubuwan da aka ware, foldar ta tafi gaba ɗaya. Idan ba ka son wannan, ka gwada `--force`, na ga ana ambatonsa a irin wannan matsala.

Kabiru ya rubuta:

Malam Auwal, don Allah kada ka sa `--delete-excluded` a wannan umarni kamar yadda yake yanzu. Malam Nasiru ya faɗi dalilin daidai, amma maganin da ya kawo ya fi cutar haɗari. Wannan zaɓi ba ya bambance `cache` da ke cikin sashen da ka rufe da foldar `uploads` ta masu amfani da shafinka. Duk abin da ƙa'idojinka uku suka ambata zai tafi a dare ɗaya, ciki har da takardun mutane waɗanda, bisa bayaninka, babu kwafinsu a uwar garke ta farko. Shi kuwa `--force` aikinsa daban ne: yana ba rsync damar cire folda mai kaya idan wani abu da ba folda ba, kamar fayil mai irin sunanta, zai maye gurbinta. Ba ya ɗage kariyar da ƙa'idar warewa ta kafa, saboda haka saƙon zai ci gaba da fitowa.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne kowace ƙa'idar `--exclude` aiki biyu take yi a lokaci guda, mu kuma yawanci ɗaya kawai muke tunawa. A ɓangaren mai aikawa tana ɓoye abu, ya zama bai shiga jerin abin da za a tura ba. A ɓangaren mai karɓa kuma tana kare abu, ya zama `--delete` ba zai taɓa shi ba ko da babu irinsa a tushe. Da ka goge `taro-2022`, rsync ya shiga foldar a ta biyu da niyyar kwashe ta, ya cire duk abin da ba shi da kariya, ya iso kan `cache` da `error.log` ya tarar kai da kanka ka ce kada a taɓa su, sai ya bar su, ya bar foldar da ke ɗauke da su, ya kuma sanar da kai. Idan kana so ka gani da idonka, ka gudanar da umarnin da `-n` (gwaji ba tare da taɓa komai ba) da `-vv` (ƙarin bayani). Za ka ga layuka masu kalmar `hiding` daga mai aikawa da masu kalmar `protecting` daga mai karɓa, kowanne da ƙa'idar da ta jawo shi a gabansa.

Tun daga siga ta 3.0.0, wadda ta fito a 2008, rsync yana da amsar wannan matsala kai tsaye. Ana liƙa wa ƙa'ida harafin `p`, wanda ke nufin kariyarta tana faɗuwa a cikin foldar da ake gogewa. Muddin sashe yana raye, `cache` ɗinsa na nan a kare, ba a turawa ba a gogewa. Ranar da sashen ya ɓace daga tushe, rsync zai yi watsi da ƙa'idar a cikin wannan folda kaɗai, ya kwashe komai har da ita kanta. Ba a iya rubuta wannan da `--exclude`, sai da `--filter`, kuma tunda ƙa'idojin za su yi yawa, gara ka zuba su a fayil guda. Ga yadda zan rubuta naka:

```
- /uploads/
P /.well-known/***
H .git/
-p cache/
-p *.log
```

Sai umarnin ya koma haka:

`rsync -av --delete --filter='merge /etc/rsync-shafi.txt' /var/www/shafi/ uwa2:/var/www/shafi/`

Layin farko shi ne amsar tambayarka ta biyu. Ƙa'idar da ka rubuta, `uploads/`, ba ta da alamar `/` a farkonta, don haka tana kama duk wata folda mai wannan suna a kowane zurfi, ciki har da `takardu/uploads/`. Rsync bai yi ƙorafi ba saboda a wurinsa umarninka ya bi. Da zarar ka sa `/` a farko, ƙa'idar ta tsaya a kan folda guda da ke saman abin da ake kwafewa. Ka lura da gangan na bar ta ba tare da `p` ba, domin wannan kariya ce da ba ma so ta faɗi a kowane hali.

A nan akwai wani rami da nake so ka sani tun yanzu, domin na taɓa faɗawa cikinsa. Wannan `/` ta farkon ƙa'ida ba tushen faifan kwamfuta take nufi ba, tushen abin da ake turawa take nufi, shi kuma wannan tushe yana canzawa gwargwadon yadda ka rubuta hanyar tushe. Idan ka rubuta `/var/www/shafi/` da `/` a ƙarshe, abin da ke cikin foldar ake turawa, `/uploads/` ta dace. Idan wani ya zo daga baya ya gyara umarnin ya zama `/var/www/shafi` zuwa `uwa2:/var/www/`, fayilolin za su sauka a wuri ɗaya da na da, komai zai yi kama da lafiya, amma yanzu sunan foldar a idon rsync ya zama `/shafi/uploads/`, ƙa'idar ba ta kama ta ba, `--delete` kuma yana nan yana jira. Ni abin da ya cece ni a lokacin shi ne na yi gwajin `-n` tukuna, na ga layukan `deleting` suna ta gangarowa da sunayen hotunan mutane.

Layi na biyu da na uku su ne misalin raba ayyukan nan biyu da na ambata. `P` kariya ce zalla: idan akwai abin a tushe za a tura shi, amma abin da ke ta biyu shi kaɗai ba za a goge shi ba. Na sa ta a kan `.well-known` ne saboda a cikinta ake ajiye fayilolin tabbatarwa na ɗan lokaci yayin sabunta takardar shaidar tsaron shafi ta Let's Encrypt, kuma ba ka so kwafin dare ya share su ana tsakiyar aiki. Taurari ukun da ke ƙarshe suna da muhimmanci, domin su ne ke sa ƙa'idar ta rufe foldar da duk abin da ke cikinta. Idan ka rubuta sunan foldar kawai, kuma foldar tana nan a ɓangarorin biyu, rsync zai shiga cikinta ya goge abin da babu a tushe, tunda foldar ka kare, ba kayan cikinta ba. `H` kuwa kishiyarta ce, ɓoyewa ce zalla: ba a tura `.git`, kuma idan akwai wata da ta taɓa ƙetarawa zuwa ta biyu a baya, za a share ta. A ganina wannan shi ne daidai ga shafi mai rai, domin tarihin lambobin shafi ba abin da za a bari a inda jama'a ke shiga ba ne.

Abu na ƙarshe, rsync yana karanta ƙa'idoji daga sama zuwa ƙasa, ta farkon da ta dace da suna ita ce ke yanke hukunci. Saboda haka nake sa waɗanda ba na so a yi wasa da su a sama.

Nasiru ya rubuta:

Na gode da gyara, Malam Kabiru. Ban lura `uploads` tana cikin abin da ya ware ba, kuma gaskiya ne da an yi asara. Na janye shawarata ta farko. Sai dai ina tambaya: idan mutum ya mayar da `uploads` ƙarƙashin `P`, shin `--delete-excluded` zai ci gaba da zama haɗari?

Kabiru ya rubuta:

Tambaya ce mai kyau, Malam Nasiru. Abin da `--delete-excluded` ke yi shi ne ya cire wa ƙa'idojin warewa na gama-gari aikinsu na kariya, ya bar musu na ɓoyewa. Ƙa'idar da aka rubuta da `P` ƙarara ba ta cikin wannan, tana nan da ƙarfinta. Don haka `P /uploads/***` za ta tsira. Amma ka duba abin da zai biyo baya a shafin Malam Auwal: kowane dare za a share `cache` ta dukkan sassa masu rai, manhajar ta sake gina ta da safe a daidai lokacin da mutane ke shigowa, a kuma share fayilolin `.log` da mutum zai nema ranar da wani abu ya lalace. Shi so yake a goge su a foldar da ta mutu kawai, wannan kuwa aikin `p` ne.

Auwal ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malam Kabiru. Na rubuta fayil ɗin ƙa'idojin kamar yadda ka tsara, na gwada da `-n` da `-i` mai jera canje-canje ɗaya bayan ɗaya, na ga `taro-2022/cache/` da `taro-2022/error.log` da foldar kanta duk sun fito a jerin `*deleting`, `takardu/uploads/` kuma ta shiga jerin abin da za a tura, babbar `uploads` ba a ambace ta ko sau ɗaya ba. Na samu natsuwa na cire `-n`. Takardun sun ƙetara, `error.log` ya tafi, amma foldar ba ta tafi ba har yanzu. A wannan karon saƙon ya zo tare da layuka da yawa masu `Permission denied` a kan fayilolin da ke cikin `cache`, rsync kuma ya fita da lamba 23, wadda ke nufin wani ɓangaren aikin ya gamu da kuskure. Shin ƙa'idar ce ba ta kama ba, ko wani abu ne daban?

Hadiza ta rubuta:

Malam Auwal, ƙa'idarka ta kama, shaidar kuwa ita ce rsync ya yi yunƙurin gogewa har aka hana shi. A da shi ne ya ƙi taɓa fayilolin, yanzu tsarin kwamfutar ne ya tare shi. Foldar `cache` manhajar shafin ce ta ƙirƙira ta, don haka mai yiwuwa mallakar asusun da Apache ke aiki da shi ce, wanda a Debian da Ubuntu sunansa `www-data`, kai kuma da wani asusu kake shiga ta SSH. A Linux, goge fayil yana buƙatar izinin rubutu a kan foldar da fayil ɗin ke ciki, ba a kan fayil ɗin kansa ba. Gwajin `-n` ba zai taɓa nuna maka wannan ba, saboda ba ya gwada gogewar a zahiri, jerin niyya kawai yake bayarwa. Ka duba da `ls -ld` a kan `taro-2022/cache`. Idan haka ne, ka sa asusun kwafin cikin rukuni ɗaya da na manhajar, ka tabbatar foldodin da take ƙirƙira suna bai wa rukunin izinin rubutu. Ban ba ka shawarar ka koma gudanar da kwafin da asusun root mai cikakken iko ba, domin umarni mai `--delete` da ke gudana da dare ba tare da ido a kansa ba, gara ikonsa ya tsaya iya foldar shafin.

Tunda yanzu ka buɗe wa rsync hanyar kwashe folda gaba ɗaya, ina roƙonka ka ƙara masa birki biyu. Na farko `--max-delete`, da adadin da ya ɗan wuce abin da kuka saba gogewa a rana. Idan aka kai wannan adadi, rsync zai daina gogewa, ya gama sauran aikinsa, ya fita da lamba 25, kai kuma ka sa cron ya aiko maka da saƙo. Dalilina shi ne rsync yana dakatar da gogewa idan ya gamu da kuskuren karatu a tushe, amma folda fanko ba kuskure ba ce a wurinsa. Ranar da faifan da ke ɗauke da `/var/www/shafi/` ya kasa haɗuwa bayan an sake kunna uwar garke ta farko, wurin zai kasance a buɗe babu komai a ciki, rsync kuma zai fahimci cewa kun goge shafin ne, ya bi sahu a ta biyu. A irin wannan dare ƙa'idojin `p` ba za su kare komai a cikin sassan ba, tunda duk sassan sun zama abin gogewa. Birki na biyu shi ne `--backup` tare da `--backup-dir`, wanda ke sa abin da aka goge ko aka maye gurbinsa ya koma wata folda maimakon ya ɓace. Ka ba ta cikakkiyar hanya da ke wajen foldar shafin, domin idan ka ba ta gajeren suna za ta zauna a cikin inda ake kwafewa, jama'a su iya isa gare ta.

Akwai kuma wani abu da zan ƙara a kan bayanin Malam Kabiru, ko da ba yau zai yi maka amfani ba. Wasu suna barin kowane sashe ya riƙe nasa ƙa'idojin a fayil mai suna `.rsync-filter`, su kunna shi da `-F`. Tsari ne mai kyau idan mutane da yawa ke kula da sassa daban-daban, amma wajen gogewa, mai karɓa yana aiki ne da kwafin fayil ɗin da ke ɓangarensa. Daga siga ta 3.0.0 zuwa sama, `--delete` yana gogewa ne ana cikin turawa, folda bayan folda, saboda haka idan ka ƙara sabuwar kariya a `.rsync-filter` na tushe yau, ana iya goge abin da kake son karewa kafin sabon fayil ɗin ya sauka. Maganinsa shi ne a yi amfani da `--delete-after`, kuma a bar fayilolin ƙa'idojin su ƙetara tare da sauran kaya. Fayil guda irin wanda Malam Kabiru ya ba ka ba shi da wannan matsala, domin ana karanta shi tun farko a aika wa ɗaya ɓangaren ƙa'idojin kafin a taɓa komai.

Auwal ya rubuta:

Malama Hadiza, haka abin yake. `ls -ld` ya nuna `cache` mallakar `www-data` ce, rukuni kuma ba shi da izinin rubutu. Na sa asusun kwafin cikin rukunin, na gyara izinin foldodin `cache` da ke akwai, na kuma canza saitin manhajar domin sababbin da za ta ƙirƙira su zo da izinin da ya dace. Na sake gudanar da umarnin da hannu, ya fita da lamba 0, `taro-2022` ta tafi, tsohon adireshin kuma yanzu yana bayar da 404.

Na sa `--max-delete=300` da foldar ajiya a wajen shafin, mai ɗauke da kwanan watan kowane dare a sunanta. Sashe na gaba da za mu rufe yana da fayiloli fiye da wannan adadi idan aka haɗa da `cache` ɗinsa, don haka a ranar zan gudanar da kwafin da kaina da rana, in fara da `-n`, in ɗaga adadin na wannan karon kaɗai. Na gode muku duka ukun.